Fanka, Ni, da 'Yan Sa Kai Biyu Masu Gardama

Fankar ɗakinmu ta koyi sabuwar ɗabi'a. In ka kunna ta sai ta tsaya tana gurnani, ba za ta juya ba sai ka zura biro ta cikin raga ka tura mata farfela. Uwargida ta ce a kira mai gyara. Na ce ina, a zamanin da mutum zai buɗe waya ya tarar da bayanin yadda ake gyara komai, mataki-mataki, har da hotuna?

Ai kuwa akwai su birjik. Akwai wikiHow da Jack Herrick ya kafa a 2005, akwai iFixit da ya fara tun 2003 kan gyaran na'urori, duk a kan tsarin wiki da Ward Cunningham ya ƙirƙiro a 1995: kowa na iya rubutawa, kowa na iya gyara abin da wani ya rubuta. Ni dai ba waɗannan manyan na shiga ba. Wani ƙaramin shafi na faɗa, saboda hoton fankarsu sak irin tamu.

Mataki na ɗaya, cire waya daga soket. Na cire. Na biyu, buɗe ragar gaba. Na buɗe, ina jin kaina injiniya. Na uku ya ce a kwance murfin robar da ke riƙe da farfela, a juya shi hagu kamar kowane noti. Na juya, bai motsa ba. Na sa tsumma na ƙara ƙarfi. Shiru. Na ɗauko filaya, na dafe fankar da gwiwa, jijiyar wuya ta tashi.

Uwargida ta leƙo. "Baban yara, gyara kake ko kokawa?"

Na ce ta yi haƙuri, aikin ilimi ne. Na koma wayar don in tabbatar, allon ya sabunta kansa, sai ga mataki na uku ya sake magana: a juya murfin DAMA, yadda hannun agogo ke tafiya. Da manyan baƙaƙe kuma, kamar ni ake yi wa tsawa. Na goge idona. Wallahi mintoci kaɗan da suka wuce hagu aka ce.

Nan ne na gano wani maɓalli da ban taɓa kula da shi ba, wai tarihin shafi. Duk gyaran da aka taɓa yi yana nan a jere, da lokacinsa da ɗan bayanin wanda ya yi. Ashe tsakiyar yaƙi na faɗo. Mutum biyu ne, ba su san juna ba, ba a biyan ko ɗayansu sisi, amma sun daɗe suna fafatawa a kan wannan layi guda. Ɗaya ya rubuta, "Duk noti hagu ake kwance shi, ka daina ɓata mutane." Ɗayan ya mayar da nasa, ya ce, "Ka taɓa riƙe fanka kuwa?" A Wikipedia akwai dokar da ta hana mutum ya soke gyaran wasu fiye da sau 3 cikin awa 24 a shafi ɗaya. Waɗannan bayin Allah labarin dokar bai iso gare su ba.

Kuma mai dama shi ne da gaskiya. A yawancin fankokin tsaye, murfin nan ana yin sa ne a juye da gangan, domin in farfela na gudu ya riƙa ƙara ɗaurewa maimakon ya kwance ya yi tsalle. Wasu kamfanonin ma sukan zana 'yar kibiya a jikinsa. Namu yana da ita. Tsumman ne ya rufe ta. Wato duk gumin da na zubar, ɗaure shi nake yi bisa umarnin mutumin da ban san ko a wace nahiya yake ba.

Na juya dama. Murfin ya kwance, amma gida biyu ya fito.

Abin takaicin bai ƙare ba. Can ƙasan shafin, bayan hotuna da gargaɗi, wani na uku ya ƙara layi: in fanka na gurnani kuma tana tashi idan an tura ta, sau da yawa kafasita ce ta mutu, wato 'yar na'urar da ke ba injin ƙarfin tashi, kuma tana can wajen injin ko cikin akwatin maɓallai. Ya kuma ja kunne cewa takan riƙe wuta ko bayan an cire soket. Farfelar da na yi ta kokawa da ita ba ta da laifin komai. Bawan Allah, me ya hana ka sa wannan a sama?

Zuciya ta ɗebe ni, na buɗe asusu, na danna gyara. Na ɗauko layin kafasita na kai shi farkon shafi, na ƙara da cewa a duba kibiya kafin a taɓa filaya. Ban gama shan iskar nasara ba mai hagu ya soke, wai ra'ayin kai ne. Mai dama ya dawo da shi, ya gyara mini waƙafi, ya aiko saƙo yana yi mini maraba da shigowa rundunarsa. Ban nemi shiga runduna ba, fanka nake so ta juya.

Mai gyara dai ya zo washegari. Ya canja kafasita, ya ɗaga ɓallayen murfin yana kallo na, bai ce uffan ba. Ƙanena da ke tsaye yana latsa waya ya ce, "Yaya, ai da ka yi bincike. Ga shi nan ƙwararru sun rubuta ƙarara, a duba kibiya kafin a taɓa filaya."

Na ce ya duba sunan ƙwararren. Ya duba, ya dube ni, ya ce to shi kam bai yarda da shafin ba kuma.