An Sallame Ka Daga Aikin Kwamfuta, Ba Ka da Digiri: Ga Shawarata

Ɗan'uwa, ka daina ɓuya. Sai a sallami mutum daga aiki ya shige ɗaki ya kulle, ya ƙi ɗaga waya, ana tambayarsa ya aiki yana cewa da godiya, alhali rabonsa da ofis an yi watanni. Wannan kunyar ba ta da wurin zama. A Nuwamban 2022 kamfanin Meta, mai Facebook da WhatsApp, ya rage ma'aikata 11,000 a tashi ɗaya. A Janairun 2023 Google ya sallami 12,000, Microsoft 10,000, Amazon kuma ya sanar da 18,000. Sun kwashi mutane lokacin korona da duniya ta koma intanet, da kasuwa ta lafa sai suka sauke su. A cikinsu akwai masu digiri biyu har da masu digirin digirgir, kuma takardar ba ta tare wa kowa ba. To kai don me za ka ɗora wa rashin digiri laifin?

Ba zan ruɗe ka ba, rashin digiri yana cizo, amma a bakin ƙofa yake cizon. Kamfanoni da yawa suna karɓar takardun masu neman aiki ta manhajar tacewa. Idan fom ya tambaye ka ko kana da digiri ka danna a'a, ana iya ture takardarka gefe tun ɗan Adam bai sa mata ido ba. Wasu sun sassauta. A 2021 kamfanin kwamfuta na IBM ya ce ya cire sharaɗin digiri daga kusan rabin gurabensa na Amurka. Sai dai goge sharaɗi a takarda daban, sauya tunanin manajan da zai ɗauke ka daban. Shi ya sa zama a gaban LinkedIn, dandalin neman aiki na intanet, kana watsa CV iri ɗaya dare da rana ba ya haifar da komai sai shiru da ɓacin rai.

Da ɗan gari akan ci gari. Waɗanda suka ga aikinka da idonsu su ne jarinka, kuma su ne kake gudu. Akawun da ka ceto wa fayilolinsa ranar da kwamfutarsa ta mutu ana gobe biyan albashi bai manta ba. Tsohon shugabanka, abokan aikin da suka koma wasu kamfanoni, har dillalin da ke kawo muku kayan aiki, duk ka sanar da su. Kada ka aika da "don Allah in ka ji wani abu ka tuna da ni", wannan saƙon kowa zai ce insha Allahu ya wuce. Ka faɗi abin da kake nema ƙarara: an rage mu a wata kaza, na yi shekara kaza ina kula da asusun ma'aikata a Active Directory (manhajar Microsoft da ke tsara shigar ma'aikata kwamfutocin ofis) da saita na'urorin sadarwa, ina neman gurbi a sashen tallafin fasaha, ko za ka miƙa sunana wa mai ɗauka? Takardar da ma'aikacin ciki ya miƙa da hannunsa, mutum ne ke karanta ta.

Sannan tun ba ka manta ba, ka zauna ka rubuta abin da hannunka ya yi. Yawancin CV ɗin marasa digiri cike yake da jerin sunayen manhajoji, kamar mai shi yana neman cike gurbin takardar da babu. Mai ɗauka ba ya son jin ka san Linux, babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, yana son jin me ka gyara da shi. Kwamfuta nawa ke hannunka? Koken matsalar kwamfuta nawa kake magancewa a mako? Wace matsala ce take ta dawowa har ka gano tushenta ka kashe ta? Ka sa adadin gaskiya, ka bar ƙari.

Batun satifiket kuwa, a nan matasa ke zubar da ɗan kuɗin sallamarsu. Mutum ya ci wannan jarrabawa ya faɗa waccan, har karatun ya zama wata sabuwar mafaka. Ka ɗauki talle goma na irin aikin da kake so, ka ga wanne ake yawan ambata, ka yi shi kaɗai. CompTIA A+ jarrabawa biyu ce kuma ta masu shigowa ce. Wanda ya shekara biyar yana gyara ba ita yake buƙata ba. Mai son harkar sadarwa ya nufi CCNA ta Cisco, mai son tsaron kwamfuta Security+. Ka kuma duba satifiket ɗin da kake da shi, domin waɗannan duka shekara 3 suke yi sai an sabunta. Kafin nan hannunka kada ya yi sanyi. VirtualBox, manhajar kafa kwamfutar gwaji a cikin kwamfutarka, kyauta ne, Packet Tracer na koyon haɗa na'urorin sadarwa ma Cisco na bayarwa kyauta ga wanda ya yi rajista a makarantarsu ta intanet, Windows Server kuma akwai na gwaji na kwana 180. Ka kafa saba, wato kwamfutar da ke yi wa sauran kwamfutoci hidima, a tsohuwar kwamfutarka, ka lalata ta da gangan, ka tayar da ita, ka rubuta yadda ka yi ka ajiye a GitHub, shafin da masu harkar kwamfuta ke baje aikinsu.

Aikin kwantiragi na wata shida ko gurbin da bai kai na da ba, in ya zo ka karɓa kana ci gaba da nema. Amma ka ji tsoron Allah kada ka rubuta digirin da ba ka yi ba. Ana bincike, kuma wanda aka kora don ƙarya, babu tsohon shugaban da zai tsaya masa.

Ranar ganawa za a tambaye ka me ya raba ka da aikinka. Ka ce an rage ma'aikata, sashenmu na ciki, ka tsaya nan. Kada ka zagi tsohon kamfaninka ko da sun cuce ka, domin mai tambayar yana auna yadda za ka yi maganarsa gobe. In ya tambayi digiri, ka ce ba ka da shi ba tare da sunkuyar da kai ba, ka buɗe kwamfutarka ka nuna masa sabar da ka kafa.