Wa zai ɗauki asarar ƙarfen sabis na ƙauye?

A watan Janairun 2025 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da na data, karon farko cikin fiye da shekara goma. Mutanen birni sun yi ta ƙorafi, kuma suna da hujja. Ni dai waɗanda suka fi tsaya mini a rai su ne mutanen da ko da katin a waya sai sun hau tudu ko sun taka zuwa bakin titi kafin sabis ya kama. Ƙarin farashi ba zai kai musu ƙarfen sabis ba, domin babban abin da ke korar kamfani daga ƙauye hannun hukuma ne ya ƙulla shi.

A fara da lissafin ƙarfen kansa. Kafa shi a ƙauye ya fi tsada a kan kafa shi a Kano. Babu wutar lantarki, don haka janareta ne ke aiki dare da rana, ga shi litar dizal ta haura naira dubu. Sai an biya motar da za ta kai man a kan hanya marar kwalta, a biya maigadi, a sake sayen batir duk ranar da ɓarayi suka kwashe. Yawancin ƙarafan nan ma ba na MTN ko Airtel ba ne, haya suke karɓa daga kamfanoni irin su IHS, kuma kayan da ake ɗaurawa a kai da dala ake sayo su. Da aka saki naira kasuwa ta tsayar da farashinta a watan Yunin 2023, darajarta ta faɗi, MTN Najeriya ya yi asarar naira biliyan 137 a wannan shekarar, ya sake tafka ta kusan biliyan 400 a 2024. Idan babban kamfani ya sha irin wannan, ina ga ƙaramin mai sayar da intanet a gari guda? Kuma duk kamfanin da ya shiga matsi, ƙarfen da ba ya kawo ciniki sosai shi zai fara saki.

A kan wannan nauyi ne gwamnatocin jihohi ke ɗora nasu. Tun 2013 Majalisar Tattalin Arziki ta Ƙasa ta tsayar da naira 145 a matsayin kuɗin izinin binne kowace mita ta wayar intanet a gefen hanya. Jihohi da dama suka yi kunnen uwar shegu da wannan matsaya. Ekiti, misali, naira 4,500 take karɓa har zuwa 2020 da ta sauko, shekarar da Kaduna ta yafe kuɗin gaba ɗaya. A duba bambancin: jan waya kilomita 50 a kan naira 145 zai ci miliyan 7 da 'yan kai, a kan 4,500 kuwa miliyan 225 ne, tun ba a haƙa ko taku ɗaya ba. A cikin birni kilomita guda na ratsa dubban masu saye. A karkara sai an yi tafiyar kilomita hamsin kafin a tarar da garin kasuwa ɗaya. Ke nan kuɗin da ake yanka wa mita haraji ne a kan nisa, kuma mutumin ƙauye ne mai nisa. Bayan wannan ga 'yan karɓar haraji na ƙananan hukumomi da na ma'aikatu, kowa da rasit ɗinsa, wani lokaci har da kwaɗon da zai garƙame ƙofar wurin a hana zuba mai.

Sai abin da ya faru a watan Satumbar 2021, lokacin da aka katse layukan waya a duk faɗin Zamfara bisa buƙatar gwamnatin jihar, daga baya aka bi da wasu ƙananan hukumomin Katsina, Sakkwato da Kaduna. An ce mako biyu, ya koma watanni. Na yarda gwamnati na da ikon ɗaukar mataki idan rayuka na salwanta. Amma mai zuba jari ya ɗauki darasinsa: takarda guda na iya tsayar da cinikinsa, alhali haya da albashin maigadi ba su tsaya ba. Ya kamata a ce akwai ƙa'ida a rubuce, mai faɗin iyakar kwanakin da za a rufe da kuma wanda zai biya asarar. Bankin da zai ba da rancen kafa ƙarfe a Zurmi ko Batsari wannan tambayar zai fara yi.

Kamfanonin ma ba tsarkaka ba ne. Sun ci riba mai kauri tun da aka fara wayar salula a 2001, kuma lasisi amana ce ta ƙasa baki ɗaya, har da garuruwan da ba su da yawan ciniki. Don haka ne dokar sadarwa ta 2003 ta tanadi asusun USPF, wanda ke samun kaso daga kuɗin da kamfanoni ke biyan NCC, domin kai sabis inda kasuwa ba za ta kai ba. A ganina asusun ya kamata ya rage sha'awar gini da yanka ƙyalle, ya koma tallafa wa gudanar da ƙarafan karkara na wasu shekaru da aka ƙayyade, musamman mayar da su kan hasken rana, tunda mai ne ke cinye su. Starlink, mai ba da intanet ta tauraron ɗan'adam, ya shigo a 2023, amma farashin na'urarsa ya fi ƙarfin manomin da ke sa katin ɗari biyu.

A 2024 Shugaba Tinubu ya sa hannu kan umarnin da ya sanya kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa da ake karewa. Ina fata hukuncin wannan umarni ya hau kan jami'in harajin da ya rufe ƙarfe da ɗan kwangilar da ya datse waya yana aikin hanya, kamar yadda yake hawa kan ɓarawon batir. Gwamnatin tarayya na shirin shimfiɗa ƙarin wayar intanet mai tsawon kilomita 90,000. Kafin ta iso, gwamnonin Arewa su mayar da yafe kuɗin izinin binne waya doka ta majalisar jiha, wadda gwamna mai zuwa ba zai soke da sanarwa ɗaya ba.