Wai Na Haifa wa Tonawa 'Ya

Wata uku ke nan da Yayana ya koma Katsina, amma maganar da ya yaɓa mini a daren da zai bar Kumasi ba ta bar ni na huta ba.

Muna zaune ne a tsakar gida bayan isha'i, a Aboabo inda nake haya shekara 14 ke nan, sai ya ciro takardar sidi 20 ya miƙa wa babbar 'yata. Ba zan ambaci sunanta ba, 'yar fari ce. Shekararta 12, tana aji shida. Ta durƙusa ta karɓa da hannu biyu. Don ya ja ta da hira, sai ya nuna mutum shidan da ke jikin kuɗin ya ce, "Su wane ne waɗannan?" Yarinya ta zubo su tiryan-tiryan kamar mai biya hadda: Kwame Nkrumah, J. B. Danquah, Ako Adjei, Obetsebi-Lamptey, William Ofori Atta, Edward Akufo-Addo. Ba ta tsaya nan ba. Ta ce, "Baffa, ran 28 ga Fabrairu 1948 tsofaffin sojojin da suka yi wa Ingila Yaƙin Duniya na Biyu suka nufi fadar gwamna a Osu neman haƙƙinsu, aka harbe uku, gari ya hargitse, shi ne aka kama waɗannan shida." Ta kawo yadda Nkrumah ya ɓalle daga jam'iyyar UGCC ya kafa jam'iyyar CPP a 1949, har zuwa samun 'yancin Ghana ran 6 ga Maris 1957. Yaya ya riƙe haɓa yana ta masha Allah, ni kuwa daɗi ya cika ni.

Sai ya ce, "To, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo fa?" Ta yi shiru, ta dube ni. Can ta ce ta san malami ne a Nijeriya. Ya tambaye ta rijiyar Kusugu, ba ta taɓa ji ba. Ya buɗe wayarsa ya ba ta saƙon da Hajiyarmu ta sa aka rubuto mata, layi huɗu kacal na gaisuwa da sa albarka. Yarinyar da take karanta Turanci ba gargada, take karanta Twi da baƙaƙensa na ɛ da ɔ, ta zo kan "ƙoƙari" ta cije. Da ta samu ta kai ƙarshe sai ta ce, "Hajiya ya ce in yi ƙoƙari." Haka Hausar zango, wato unguwannin Hausawa da sauran baƙi a nan, take, namiji da mace duk "ya" ne. Yaya ya karɓi wayarsa ya dube ni ya ce, "Kai dai ka haifa wa Tonawa 'ya." Tonawa shi ne sunan da mutanen zango ke kiran Asante da shi, a kwana goman da ya yi ya tsinci kalmar.

Ban ba shi amsa ba, gaba yake da ni. Amma akwai abin da bai gani ba a kwana goma, kuma ina so mutanen gida su ji shi kafin su yanke mini hukunci.

Makarantarta ta gwamnati ce. Ƙarfe bakwai ba ta yi sai yaran unguwa sun cika titi cikin kayan makaranta, riga ruwan ɗorawa da siket ko gajeren wando ruwan ƙasa. A bakin ƙofa mata ne jere da tukwane: ga koko da ƙosai, ga waakye ana zuba shi a ganye da taliya da gari da shito, baƙin yajin nan nasu mai kifi. Yara su ke share filin makaranta da kansu, kowane aji da yankinsa. Sannan a kaɗa ganga, a yi layi, a yi taken ƙasa da alkawarin biyayya ga Ghana, a shiga aji ana maci. Da farko na ɗauki wannan duk wasa ne. Daga baya na gane a nan ake fara cusa wa yaro cewa yana da ƙasa.

A 2019 hukumar tsara manhaja ta ƙasar, NaCCA, ta kawo sabon tsari tun daga ajin rainon yara har aji shida. A wannan tsarin na 2019, a ajin 'yata akwai Turanci da lissafi da kimiyya, akwai tarihin Ghana a matsayin darasi mai zaman kansa, akwai wani da suke kira Duniyarmu da Mutanenmu inda ake koyar da zaman tare da muhalli da haƙƙin ɗan ƙasa, ga addini da tarbiyya, ga zane da kiɗa da aikin hannu, ga kwamfuta, ga motsa jiki, ga harshen ƙasa, ga Faransanci. Faransancin ba abin mamaki ba ne in ka dubi taswira: Kwaddibuwa a yamma, Burkina Faso a arewa, Togo a gabas, kudu kuwa teku.

Lissafin ne ya fi kama hankalina, saboda ni ɗan kasuwa ne. Shadda da huluna nake sayarwa a Alabar, ba nisa da babbar kasuwar Kejetia. Ran Asabar in ta taso daga makaranta (a nan in an ce "makaranta" ta allo da Islamiyya ake nufi, ta boko "sukuu" ce) takan zauna mini a shago. Wata rana na yi sari daga Kantin Kwari, kuɗin naira ne, ga kuɗin mota, ga abin da aka kashe a iyakoki. Ta ɗauki biro ta mayar da komai sidi, ta raba wa kowane yadi kasonsa, ta ce mini ribar da nake ci a yadin ba ta kai goma cikin ɗari ba, in sidi ya ƙara faɗuwa uwar kuɗi zan fara ci. Na sake bi da na'ura, daidai take. Kaso cikin ɗari da rabo da ɓangarorin lamba ne suke yi a aji, amma an koya mata su ta yadda ta san inda za ta sa su. A kimiyya ta haɗa batir da waya da ƙaramin ƙwan fitila a tsakar gida har ya kama, ƙannenta suna tsalle. A aikin hannu ta sassaƙa hatimin adinkra irin wanda masu rini a Ntonso ke yi da ƙwarya suna buga wa zane, ta ce mini alamar sunanta Gye Nyame, ma'anarta "sai Allah".

Darasin addinin ne na daɗe ban saki jiki da shi ba. Addini uku ake koya musu a aji ɗaya: Kiristanci, Musulunci da na gargajiya. Ranar da ta zo tana yi mini bayanin Akwasidae, bikin da ake yi duk bayan mako shida a Manhyia, fadar sarkin Asante, da yadda ake zuba abin sha a ƙasa don kakanni, raina bai so ba. Na je wurin limamin masallacinmu, ya ce in dai tana zuwa makaranta Asabar da Lahadi, sanin abin da maƙwabci yake yi ba bin sa ba ne. Kuma na ga amfaninsa ta ɗaya gefen. Ƙawarta 'yar Tonawa, mai zuwa coci, ta jera mini shika-shikan Musulunci biyar a ƙofar gidana, don an tambaye su a jarrabawa.

Yanzu ku dubi namu. Ɗan Yaya, sa'an 'yata, bai ma yi aji shida ba. Daga aji biyar aka sa shi ya rubuta kwaman entiran ya wuce, kamar yadda ake yi a yawancin makarantun kuɗi. Aji shida a wurinmu ya zama ajin waɗanda suka rasa yadda za su tsallake, wanda ya zauna cikinsa kuma tsofaffin tambayoyin jarrabawa zai yi ta haddacewa har shekara ta ƙare. A nan Ghana ba wata jarrabawar shiga sakandare a ƙarshen aji shida, yaro ƙaramar sakandare yake wucewa, sai bayan shekara uku ya gamu da BECE, jarrabawar gama ƙaramar sakandare. Saboda haka shekarar ta karatu ce sosai. Ga kuma abin da ya fi ƙona mini rai: wajen 2009 aka cire tarihi daga manhajar firamare a Nijeriya, sai a 2022 gwamnati ta yi shelar mayar da shi. Yaya da yake gwada 'yata da Shehu, da ya gwada ɗansa da Sa'adu Zungur ko taron tsarin mulki na Ibadan na 1950, da ya ji shirun da ya fi nata tsawo.

Ba na cewa nan aljanna ce. Su sittin da wani abu ne a ajinsu. Bayan an kawo sabuwar manhaja an ɗauki shekaru kafin littattafanta su iso makarantu, malamai suna ta kame-kame. Darasin kwamfuta yawancinsa a allo ake yi. Kun tuna malamin nan da ya zana fuskar Microsoft Word da alli a 2018 duniya ta ɗauka? A nan yankin Ashanti yake. Kuɗin lesin kuma ba ya ƙarewa ko da an ce karatu kyauta ne. A gida, yaro ko bai samu komai ba yana samun Hausa da addininsa a cikin aji. Duk na san wannan. Amma in ka aza su a ma'auni, ɗan aji shida na Kumasi ya fi namu sanin inda yake tsaye, kuma ba zan ɓoye wannan don kishin gida ba.

To me ya sa maganar Yaya ta ƙi fita daga raina? Saboda duk wannan ƙoƙarin da nake yabo, ba ni aka yi wa ba, Ghana aka yi wa. An zauna an tsara yadda yaro zai fito ɗan Ghana, kuma tsarin ya yi aiki a kan 'yata.

Harsunan da gwamnati ta amince a koyar a makaranta sun haɗa da Twi na Asante da na Akuapem, Fante, Nzema, Ga, Dangme, Ewe, Dagbani, Gonja, Dagaare da Kasem. Babu Hausa. A taron iyaye na tashi na tambaya, shugabar makarantar ta amsa mini cikin mutunci cewa ba daga ita ba ne, Hausa ba ta cikin jerin. Na waiga na ga fiye da rabin iyayen da ke zaune da Hausa suke hira a tsakaninsu, Mosawa da Kotokoli da Zabarmawa da Dagomba da mu, ba wanda ya ce uffan. Da muka fito wani dattijo ya dafa ni ya ce, "Malam, Hausa ai ba a koyonta, a titi ake ɗauka." Abin da ake ɗauka a titi shi ne "Hajiya ya ce".

Kuma ba jiya muka zo ƙasar nan ba. Tun kafin Bature ya san hanyar Kumasi fatakenmu suke kora jakuna zuwa Gwanja, su kai kanwa da tufafi da kayan fata kasuwar Salaga, su ɗauko goron da ke fitowa daga dazukan Asante. Abin da 'yata ta sani game da Salaga shi ne kasuwar bayi. An yi, ba na musu. Amma ba wanda ya gaya mata cewa Alhaji Umaru, haifaffen Kano, ya zauna a Salaga sannan ya koma Kete-Krachi, ya karantar, ya yi rubuce-rubuce da Larabci da ajamin Hausa har ya rasu a can a 1934. Tana alfahari da Yaa Asantewaa da ta yi wa Turawa ƙawanya a ganuwar Kumasi a 1900, ba ta san cewa sojojin da ke cikin ganuwar "Hausa" ake kiransu ba, ko da yake ba dukkansu ne Hausawa ba. Mai daɗi da mara daɗi, tarihinmu a nan yake, amma ba ya cikin littafinta. Gidan rediyon gwamnati yana labarai da Hausa. Babban Limamin ƙasa, Shaihu Usmanu Nuhu Sharubutu, wanda shugabanni ke zuwa gaishe shi, da Hausa yake magana. Waakye ɗin da suke ci kowace safiya wake ne, tuo zaafi tuwo ne mai zafi, kokon ma da sunanmu suke kiransa. Abinci ya shiga ko'ina, harshen ya kasa shiga aji.

Akwai kuma abin da tsofaffin zango ba sa mantawa. A Nuwamban 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takardu mako biyu su bar ƙasa. Mutanen da aka haifa a nan, ba su san ko'ina ba, aka loda su a motoci. Mu ma a 1983 mun yi wa 'yan Ghana haka, jakar nan ta "Ghana Must Go" da kowa ya sani daga nan ta samo suna. Mutanen Kumasi ba su taɓa yi mini komai ba sai alheri, amma na ji labarin 1969 daga bakin waɗanda aka yi a gabansu. In Allah ya kiyaye irin wannan ta sake faruwa, yarinyar nan ta sauka a Katsina, da wane baki za ta yi wa kakarta magana? 'Yan'uwanta za su yi mata dariyar "ya" da "ta" kafin ta ajiye jaka.

Laifin ba na makaranta kaɗai ba ne. Ni ke fita tun asuba in dawo bayan magariba. Shekara 12 ban taɓa zaunar da ita na ba ta labarin Bayajidda ko Gobarau ba, na ɗauka jini zai koya mata. Tun bayan tafiyar Yaya muke zama bayan isha'i da littafin rubutu, mun yi ƙ da ɗ da ɓ da 'y, yanzu muna kan "ta zo" da "ya zo". Tana kamawa da sauri, sai dai in ta fita wasa ta dawo, bakin zango ya dawo da ita.

Yaya ya ce in ta gama aji shida in tura ta wurinsa ta yi ƙaramar sakandare a Katsina, kusa da Hajiya. Mahaifiyarta, wadda a Asawase aka haife ta, ta ce ba inda 'yarta za ta, ga karatu yana tafiya daidai, ga babbar sakandare kyauta a nan tun 2017. Na san gaskiyarta, ni da bakina na gama yabon karatun. Amma sau biyu Yaya yana kira a kan maganar, sau biyun ban iya ce masa a'a ba. Na ce ya ba ni zuwa bayan Sallah.