Sirrin dillalan bashin gida a Amurka: wa yake karewa?

Kafin 2008, dillalin bashin sayen gida da aka ƙwace wa lasisi a wata jihar Amurka yana iya tattara komatsansa ya tsallaka maƙwabciyarta ya buɗe sabon ofis, ba wanda ya san abin da ya baro. Kowace jiha da kundinta, kowa ya ƙunshe nasa. Sai da kasuwar gidaje ta rushe, jama'a suka rasa matsuguni, sannan Shugaba George W. Bush ya sa hannu a dokar SAFE ranar 30 ga Yulin 2008. Tun daga nan duk mai haɗa wa mutane bashin gida sai ya shiga rajista ɗaya, wato NMLS, a ba shi lambar da za ta bi shi duk inda ya sa ƙafa. Mai neman lasisin jiha kuwa sai ya yi karatun awa 20, ya ci kashi 75 a jarrabawa, a aika zanen yatsunsa ga hukumar bincike ta FBI, a kuma leƙa yadda shi kansa yake biyan bashi.

Sashe na 1512 na dokar shi ne inda ake ta da jijiyar wuya. Ya ce bayanin da yake sirri a hannun wata hukuma, sirri ne har bayan an zuba shi a rajistar, ko da hukumomin jihohi da na tarayya sun yi musayarsa. Ɗan jarida ba zai same shi ta dokar 'yancin samun bayanai ba. Lauyan wanda aka cuta ma ba zai sa kotu ta ƙwato masa shi a shari'ar neman diyya ba.

Ni dai ina ganin riƙe sirrin a tsakanin hukumomi daidai ne. Jami'in Texas ba zai miƙa wa na Ohio rahoton binciken da bai kammala ba, in ya san gobe zai gan shi a jarida. Ga kuma mutuncin dillalin kirki da wani ya kai ƙararsa don haushi kawai.

Inda nake da ja shi ne wajen mai karɓar bashin. Ka ɗauki magidancin da ya zauna da daddare da takardun bashinsa, ya kwafi lambar dillalin da ke jikinsu, ya shigar a shafin NMLS Consumer Access da aka buɗe a 2010. Zai ga matsayin lasisin mutumin, da wuraren da ya yi aiki, da hukuncin da aka yanke masa a bainar jama'a. Shi ke nan. Koke goma da ke gaban hukuma ba a yanke ba, ba zai ji ɗuriyarsu ba, alhali shi ne zai sa hannu a bashin shekara 30.

Ba na cewa a bankaɗo komai. A dai sa wa binciken wa'adi: in hukuma ta tabbatar da laifi, ko da an sasanta a ofis an biya tara, a rubuta shi ƙarƙashin lambar dillalin, inda magidancin nan zai gani kafin ya ɗauki biro.