Ba kowane kumburi ne jifa ba

Kwanan nan na je duba ɗan wani abokina, na fito raina a ɓace. Muƙamuƙin yaron ya kumbura suntum, haƙoransa sun soma girgiɗi, ido ɗaya ya turo waje. Da farko an ce hangum ne, aka yi ta shafe-shafe. Mai kemis ya yi allura, wanzami ya yi tsaga. Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, sai aka ce ai jifa ne, aka ɗora wa kishiyar uwar. Asibiti kuwa sai da yaron ya kasa tauna tuwo.

'Yan'uwana matasa, ku iyayen yara, wannan jira da kuke yi shi ke kashe 'ya'yanmu. Wannan ciwo yana da suna, ƙarin Burkitt ake ce masa. Wani likita mai suna Denis Burkitt ne ya fara bayaninsa a Yuganda a 1958, bayan ya ga yara da irin wannan kumburi. Sankara ce ta ƙwayoyin garkuwar jiki, waɗanda ke tara kaluluwa idan ciwo ya shiga. A 1964 masana a Landan suka gano ƙwayar bairos ta Epstein-Barr a cikin ƙwayoyin wannan ƙari, kuma ita ce bairos ta farko da aka danganta da sankarar ɗan Adam. Ta yawu take yaɗuwa, yawancinmu muna ɗauke da ita ba ta yi mana komai ba. Amma yaron da zazzaɓin cizon sauro ke kayarwa kowace damina, garkuwarsa takan gaji, ƙwayar ta samu sarari. Ga gidan sauro an raba kyauta, wasunku sun kai shi lambu sun lulluɓe tumatir. Haka kanjamau ma ke buɗe wa wannan sankara ƙofa, ga samari suna tsoron gwaji.

Abin da ke ƙona min rai shi ne ƙarin Burkitt na iya ninkawa cikin kwana ɗaya ko biyu, amma yana jin magani in an kai yaro da wuri. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ku kuwa kuna cewa a jira a gani, a jira malam ya dawo daga tafiya, a jira a sayar da masara. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma ku sai ciwo ya cinye fuska kuke neman mota.

A da, dattijon unguwa idan ya ga yaro a haka, sai ya tsare uban a ƙofar gida, ba zai tafi ba sai an ɗauki yaron. Yau maƙwabci waya zai zaro ya ɗauki hoto, ya sa a WhatsApp da "Allah ya ba shi lafiya", mutane su jera amin, a wuce zuwa bidiyon biki.