Ranar da na yi odar siket

Ni tela ne, shekara goma sha huɗu ina kan keke a wani ɗan shago ta wajen Ƙofar Marusa, saboda haka in aka ce siket a gabana kowa ya san abin da ake nufi, na mata ne, a yanka a ɗinka a sa zif. To daga nan rigimar ta fara. Ranar da na shiga gida na ce ma uwargida na yi odar siket daga Legas ko ɗago kai ba ta yi ba daga tsintar shinkafa, ta ce "na wa?" Na ce nawa mana. Sai ta aje tiren a hankali ta dube ni tun daga hula har silifas ta ce "Abban yara, lafiya dai ko?" Sai da na buɗe waya na nuna mata katakon nan mai taya huɗu da ake kira siketbod sannan ta sauke numfashi ta ce "au, motar boris. Da girmanka."

Laifin yaron shagona ne. Wata rana an ɗauke wuta muna zaune muna fifita da kwali, ya nuna mani bidiyon gasar Olamfik ta Tokyo da aka yi a 2021, karon farko kenan da aka sa wasan a gasar, wata yarinya 'yar Japan mai suna Momiji Nishiya ta hau katako ta zamo ta kan ƙarfen matakala ta dira tsaf ta tafi da zinare. Shekararta 13. Sa'ar babbar ɗiyata kenan, wadda in ka aike ta da kofin shayi rabi ne ke isowa. Na ce ai wannan wasan yara ne, mu da muka yi motar boris a lungu muka hau jaki ba sirdi me za a nuna mana. Yaron ya ce "Oga ba fa sauƙi." Wannan maganar ce ta ci mani kuɗin ɗinki kala shida.

Daren nan data ta ƙare a YouTube. Ashe abin a Kalifoniya ta Amurka ya samo asali wajen shekarun 1950, masu hawan igiyar teku ne in ruwa ya kwanta ba abin hawa sai su manna taya a katako su koma kan titi. Mu nan Katsina ko tekun ba mu da shi balle ya kwanta, amma ban tsaya tunanin wannan ba, don na ci karo da wani Tony Hawk wanda a 1999 ya tashi sama ya juya sau biyu da rabi ya dira, suna kiran abin 900, kuma ya sake yi a 2016 yana da shekara 48. Ni kuwa 36 gare ni. Lissafi ya nuna ina da rarar shekara goma sha biyu.

Kaya suka iso tasha cikin kwali an naɗe da salatif. Katako ne falle bakwai aka manne wuri ɗaya, samansa baƙi mai kaushi kamar samfefa don kar ƙafa ta zame, ƙasansa ƙarafa biyu riƙe da wasu 'yan tayoyi masu taurin tsiya, cikin kowace akwai boris. Na juya shi na sake juyawa ina neman birki. Babu. Sitiyari ma babu, wai da jiki ake karkata shi. A tsakar gida na fara gwadawa, ina ɗora ƙafa ta biyu katakon ya fice daga ƙarƙashina ya je ya daki bokitin wanki, ni kuma na zauna daram a siminti, kaji suka watse. Uwargida ba ta ce komai ba, tsintar shinkafarta kawai ta ci gaba da yi amma ina ganin kafaɗarta na rawa.

Filin wasan na musamman irin mai gangara da kwaroron siminti ba mu da shi a nan, Legas su suna da nasu a Freedom Park, mutanen Akara ta Ghana ma sun taɓa buɗe nasu a 2021. Abin da muke da shi su ne yaran nan masu takalmin taya da za ka gani sun kama bayan Napep suna tafiya kana salati a madadinsu. Yaron shagona ya ce bayan la'asar suna taruwa a wani titi mai sabuwar kwalta ta wajen Karkanda inda mota ba ta cika bi ba. Muka je. Sun kai su goma, takalman ba su ishe su ba sai karɓa-karɓa suke, wani ma ƙafa ɗaya ya samu yana tura kansa da ɗayar, katako guda ɗaya tal gare su shi ma wutsiyarsa ta cinye. Da suka ga nawa sabo fil sai suka zagaye ni kamar na zo da amarya. Babbansu bai wuce shekara sha bakwai ba, ya karɓa ya murza tayar da yatsa ya kara a kunne yana saurare, ya ce "Baba wannan mai kyau ne." Baba. Wallahi faɗuwar tsakar gida ba ta yi mani zafin wannan kalmar ba.

Abin da ya ba ni dariya shi ne kafin su fara sai da biyu daga cikinsu suka ɗauko tsintsiya suka share kwaltar tas, tun daga wata fitilar titi har zuwa ta gaba. Yaran da na tabbata a gida ko tabarmarsu ba su naɗewa. Na ce masu ko gwamna ne zai wuce? Ba wanda ya tanka mani.

Darasi ya fara. Babban nasu ya zagaya bayana ya ɗan hankaɗa ni ba zato, ƙafar dama ta riga fita, ya ce to Baba kai gufi ne, wai mai sa ƙafar dama a gaba haka ake ce mashi, mai sa hagu shi ne regula. Na ce ni dai a bar ni a tela. Ya nuna mani da ƙafar baya ake turawa, a durƙusa kaɗan, in za a tsaya a sauke ƙafar a ja ta a ƙasa, in kuma faɗuwa ta zo kar a tare da hannu, a dunƙule a mirgina. Sannan ya ce in cire kaftani in ari kambas ɗin wani don silifas ba ta yi. Nan fa na ƙi. Magidanci da 'ya'ya huɗu in tsaya bakin titi da singileti? Ai kirarinmu ne kunya gare mu ba dai tsoro ba. Na tattare shaddata na hau da silifas ɗina.

Kuma fa abin ya tafi! Turawa ɗaya, biyu, uku, na ɗora ƙafa, iska na kaɗa mani kaftani, yara na tafi suna "Baba! Baba!" har na fara jin sunan ba laifi. Na wuce fitila ta farko. Na wuce ta biyu, wato inda shara ta ƙare, kuma ashe daga nan titin yana da 'yar gangara wadda ido ba ya gani sai taya. Katakon ya fara gudu da kansa, sannan ya fara rawa hagu da dama kamar akuyar da aka ɗaure a bayan mashin, hulata ta yi nata wuri, ina jin su can baya suna ihu "sauke ƙafa! sauke ƙafa!" ni kuma ina tambayar kaina wace ƙafar, don duka biyun sun ce ba da su ba. Ranar na gane kirarin nan namu akwai gyara a cikinsa, tsoron ma akwai shi, ajiye shi kawai muke sai ranar buƙata.

Tsakuwa ce. Daga baya yaran sun ɗauko ta sun kawo mani, ba ta kai ƙwayar gyaɗa ba. Tayar gaba ta same ta katakon ya tsaya cak, ni ban samu labari ba na ci gaba da tafiya. Duk maganar dunƙulewa da mirginawa ta gudu, na miƙa hannun dama na tari kwalta da shi, hannun da nake riƙe almakashi, saura kwana goma sha biyu sallah, kayan mutane tsibi guda a shago. Kaftanin ya yage daga aljihu har ƙasa, silifas ɗaya ta faɗa kwalbati.

Ina kwance ina ƙirga gaɓoɓina sai ga Napep ta tsaya daidai kaina. Na ɗauka taimako ne. Labule ya ɗaga, sai ga wata Hajiya kwastomata wadda tun azumi bai kama ba ta kawo ɗinki, wadda kuma da azahar ɗin ranar ta kira ni na ce mata ta yi haƙuri na tafi ɗaurin aure Daura sai gobe. Ta dube ni, ta dubi katakon, ta dubi yaran da suka iso da gudu ɗaya riƙe da hulata, ta ce "sannu tela. Ashe nan ce Daurar?" Ta saki labulen ta ce ma mai Napep mu je.

Wajen mai ɗori aka kai ni, wani dattijo da ba ya gaggawa. Ya latsa wuyan hannun na yi ƙara ya ce targaɗe ne ba karaya ba, ya tambayi garin yaya. Na ce a mashin na faɗi. Yaron shagona da ba a tambaye shi ba ya ce "a'a Baba, a kan siket ɗinshi ya faɗo." Dattijon ya dakata da shafa man, ya dube ni ta saman tabarau, ya daɗe, sannan ya ce "Allah ya shirya" ya ja hannun da ƙarfin da nake zargin ya wuce na magani.

Hajiyarmu kuwa da yake ni ɗan fari ne ba ta kama sunana, ta zo dubiya ta zauna ta juya mani baya tana magana da uwargida, "ki tambayi wancan mi ya kai shi? Ubanshi har ya koma ga Allah ko keke bai yarda da shi ba."

Katakon yanzu yana shago, a kansa muke ɗora janareta mu turo shi waje da safe mu maida da dare, kuma gaskiya bayana ya huta. Ran Juma'a babbar ɗiyata ke ɗaukarsa, cikin sati biyu ta iya juyawa a tsakar gida da hijabinta ko bokiti ba ta taɓawa. Yaran takalmin taya in sun wuce ƙofar shago sai sun ɗaga hannu sun ce "Baba Gufi ya jiki," maƙwabta har sun fara ɗauka.

Ɗinkin Hajiya sai bayan sallah da kwana tara ta karɓa. Riga da siket ne. Ta ɗaga siket ɗin ta duba gaba ta duba baya ta ce "wannan dai ba ka hau shi ba ko?"