Satifiket ba ya taka birki

Kun dai ji mutumin nan jiya a rediyo. Mai makarantar koyon tuƙi ne, an tambaye shi ko horon da suke bayarwa yana rage hatsari, sai ya kama lissafa mana ɗaliban da ya yaye. To madalla, Allah Ya ƙara kasuwa. Amma Alhaji, ba tambayar da aka yi maka ke nan ba.

Ƙirga satifiket daban, ƙirga gawa daban. Mai son sanin ko horo ya yi amfani, sai ya ɗauki waɗanda aka koya wa da waɗanda ba a koya wa ba, ya bi su shekara biyu ko uku, ya ga wa ya fi buga mota. An yi haka a gundumar DeKalb ta jihar Jojiya a Amurka, ƙarshen shekarun 1970. Ɗalibai wajen 16,000 aka raba da ƙuri'a: wasu horo mai zurfi, wasu sama-sama, wasu babu. Bambancin da aka samu ɗan ƙanƙani ne, bai ma daɗe ba ya ɓace. Abin da ya fito fili, masu horon sun riga sauran karɓar lasin, wato sun riga su hawa kwalta. Norway kuwa ta wajabta koyon tuƙi a kan santsi a 1979, samari suka fito suna jin kansu gwanaye, hatsarinsu a kan ƙanƙara ya ƙaru.

Na san yanzu wani zai ce "to a rufe makarantun ke nan?" Kai dai karanta da kyau. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta ce sai ka bi ta makarantar da ta amince da ita kafin lasin, ban ƙi ba. Cewa na yi a auna. A bi yaran nan bayan sun fita, a ƙirga hatsari, a daina ƙirga takarda.

Wallahi ba wasa nake ba. Na taɓa tsayawa a hanyar Zariya ana jera mutane a kan tabarma, direban yaro ne, lasinsa sabo fil a aljihu. Ribas da fakin an koya masa. Haƙuri a bayan tirela ne ba wanda ya gwada shi a kai.